Tambayoyin da Kuke Ta Maimaita Mini a Kan BCM ɗin Mota

Shekaru nake aikin wutar mota, kuma tambayoyin nan ba sa canzawa. Na tattara su ne don duk wanda ya sake yi mini ɗaya daga ciki in turo masa wannan. Ku karanta kafin ku kira ni.

Mece ce BCM?

Ƙaramar kwamfuta ce da ke kula da wutar jikin mota: fitilu, sigina, waifa, oda, kulle ƙofofi, gilasan ƙofa, ƙararrawar ɓarayi. A wasu motocin har da tantance makulli.

Ita ce ƙwaƙwalwar inji?

A'a. Ta inji daban, aikinta mai da wuta. Suna dai magana da juna.

Na duba littafin motata ban ga wannan sunan ba.

Kowane kamfani da sunan da ya raɗa mata. Peugeot da Citroën suna ce mata BSI, Renault UCH, Mercedes SAM, Honda MICU, tsofaffin Ford kuma GEM. Aikin kusan ɗaya ne.

Waifa na tashi da kanta, fitilun dashbod na wasa, ƙofofi na kulle kansu. An ce BCM ce. In saya?

Wa ya ce? Da me ya auna? Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin mafi yawan waɗanda suka zo mini da sabuwar BCM a hannu, tsohuwar tasu lafiyarta lau. An dai yi musu kintace, su kuma suka biya.

Fara da batir. Mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna bolt 12.6 ko kusa da haka. In ka tayar da inji, ya hau tsakanin 13.5 da 14.7. Batir mai rauni ko altaneta mai zubo wuta fiye da kima suna sa kowace kwamfuta a mota ta rikice. Daga nan kan batir: ya yi farin gari? Yana juyawa in ka murɗa da hannu? Sannan wayar at, wadda aka ɗaure a jikin ƙarfen mota. Na taɓa kwance wani noti a bayan robar da ke gefen ƙafar direba, na tarar ƙasansa ya yi ja wur da tsatsa, wayoyi biyar duk a kansa suke. Na goge da sanfefa har ƙarfe ya fito fes, na ɗaure, duk rikicin ya tafi. Mai motar sati uku yana yawon neman BCM.

Akwai kuma robar nan mai lanƙwasa tsakanin ƙofar direba da jikin mota. Ƙofar ana buɗe ta ana rufewa kullum, wayoyin ciki suna karyewa a hankali. Ja robar baya ka gani da idonka. In gilas da kulle na ƙofa ɗaya ne kawai ke ba ka matsala, nan zan fara dubawa.

Na jona sikana ta ce babu matsala.

Sikana ita ce na'urar da ke karanto lambobin matsala daga kwamfutocin mota. Ƙaramarta lambobin ɓangaren inji kaɗai take karantawa, waɗanda suka fara da P. Na jikin mota da B suke farawa, na sadarwa da U. Nemi wadda ke shiga dukkan kwamfutocin motar.

To ta fito da U0140. Ta mutu kenan?

Kwantar da hankalinka, ba lallai ba ne. Ma'anar lambar ita ce wata kwamfuta ta kira BCM ba ta ji amsa ba. Wanda aka yanke wa wayar tarho ai ba mutuwa ya yi ba. Duba fiyus ɗinta, duba ko wuta na isa soket ɗinta, duba at, sannan wayoyin sadarwa guda biyu da aka murɗe tare, waɗanda ake kira CAN. Kamfanin Bosch ne ya fito da tsarin a 1986, kuma yau kusan kowace mota da shi take aiki. Cire batir, ka juya mitar awon wuta zuwa awon om, ka sa ta tsakanin rami na 6 da na 14 a soket ɗin sikana mai ramuka 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. A yawancin motoci om 60 ya kamata ka gani. In ka ga 120, layin ya yanke a wani wuri. In ka ga kusan sifili, wayoyin biyu sun haɗe. Duk wannan babu ruwan BCM, kuma sabuwa ba za ta gyara shi ba.

Fiyus ɗin yana ta ƙonewa, sai na sa babba.

Kada ka ƙara! Wasu ma waya suke naɗawa a wurin. Fiyus an yi shi ne ya mutu a madadin abin da ya fi shi daraja. Ka hana shi ƙonewa, wutar ta wuce ta cinye hanyar da ke kan allon BCM, wani lokacin har wayoyin dashbod su narke. Da hannunka ka kashe ta. Mayar da fiyus mai lambar da aka rubuta a murfin akwatin, ka nemo inda wuta ke taɓa ƙarfe.

A ina take?

Galibi ƙarƙashin dashbod, wajen ƙafar direba ko bayan akwatin gaban fasinja, sau da yawa haɗe da akwatin fiyus na ciki. Wasu ƙarƙashin kujera.

Batir na mutuwa cikin dare. Ita ce?

Tana iya zama ita, in ta ƙi yin barci. Amma auna. Kashe mota, cire makulli, ka sa sakatar ƙofa ta kama kamar an rufe, ka jera mita tsakanin kan batir na baƙar waya da wayarsa. Jira. Wasu motocin sai sun kai rabin awa ko fiye kafin kwamfutocinsu su kwanta. Bayan nan abin da mota ke sha kada ya wuce miliamfiya 50. In ya wuce, bi fiyus ɗaya bayan ɗaya. Ka sani fa, rediyon da aka ƙara, na'urar bin sawun mota, ko maɓallin ƙofa da ke ce wa BCM ƙofa a buɗe take, duk suna hana ta barci. A nan ba ita ce mai laifi ba, tashinta ake yi.

An tabbatar ita ce. Zan iya sayen ta hannu daga wata mota in sa?

Wannan ba ta da gajeriyar amsa, sai ka yi haƙuri ka bi ni. Ya danganta da motar, da shekararta, da abin da kamfanin ya ɗora wa BCM ɗin.

A wasu tsofaffin motoci, inda ba ruwanta da makulli, kana iya cire wannan ka jona waccan ta yi aiki nan take, muddin lambar da ke jikin takardarta ta yi daidai harafi da harafi. Na ce harafi da harafi. Biyu suna iya zama kamar tagwaye, soket ɗaya, akwati ɗaya, amma ɗaya ta mota mai fitilun hazo da waifar baya ce, ɗayar kuma babu. Ka sa, ka rasa abin da kake da shi jiya.

A motocin da BCM ke riƙe da sirrin makulli kuwa, lamarin ya fi haka nauyi. Tana ɗauke da lambar shasin motar da ta fito, mai haruffa da lambobi 17, da makullan waccan motar. Ka jona ta, dashbod ya kawo wuta, amma inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya mutu bayan daƙiƙa biyu, domin ita da ƙwaƙwalwar inji ba su san juna ba. Sai an haɗa su da na'ura, an sake koya mata makullanka. Wasu motocin, kamar Ford da dama, makulli biyu suke nema kafin su yarda. In ɗaya gare ka, san da wannan tun kafin a kwance komai. Wasu kuma kamfanin ya tsara su ne a rubuta musu bayani sau ɗaya tak, ta hannu ba za ta karɓi sabon shasi ta hanyar da aka saba ba.

Mafita a irin wannan ita ce kwafe bayanan tsohuwar taka a zuba cikin ta hannun, sai motar ta ɗauka ita ce. Yana aiki sosai, amma da sharaɗi: ɗan guntun da ke ajiye bayanan a tsohuwar bai ƙone ba, kuma allunan biyu iri ɗaya ne. Shi ya sa nake roƙonku, kada ku yar da tsohuwar, kada ku bar wa kowa ita sai motar ta tashi kun gwada komai.

Akwai kuma maganar kilomita. A Peugeot da Citroën, BSI na ajiye adadin tafiyar mota, kuma in ta saɓa da na dashbod, mafi girman ne ke zama. Ka jona wadda ta fito daga motar da ta fi taka tafiya, ko da don gwaji ne, lambar motarka ta haura ta zauna.

Sannan ta hannu ba ka san tarihinta ba. Wataƙila ruwa ya taɓa shiga motar da aka ciro ta. Buɗe murfin, ka duba ƙafafun soket ko akwai kore-kore, ka shinshina ko akwai ƙaurin ƙuna.

Ra'ayina: in motar tsohuwa ce kuma lamba ta dace, ta hannu ba laifi. In tana riƙe da makulli, kada ka biya sai ka fara samun wanda zai haɗa ta, ya ga lambar, ya ce zai iya, kuma mai sayarwa ya yarda zai karɓa in ta ƙi.

Ba a gyara ta ne?

Ana yi. In rile ɗaya ne, wato ɗan makunnin da ke kan allonta, ya gaji ko dalma ta tsage, mai aikin allo zai canza. In ruwa ya daɗe yana cin ta, gyaran ba ya ɗorewa.

Zan iya sawa da kaina?

Kwancewa da ɗaurewa, i. Kashe mota, jira 'yan mintuna kwamfutoci su kwanta, sannan ka cire baƙar wayar batir. Ɗauki hoton soket-soket kafin ka zare ko ɗaya. Kowanne yana da maƙalli, ɗaga shi, kada ka fizgi waya. Soket masu ruwan ɗorawa na jakar iska ne, ba ruwanka da su. Lokacin zuba mata bayanai a jona caja mai riƙe wuta daidai, domin in batir ya faɗi ana tsaka da rubutu, sabuwar ma tana iya sumewa.

Na sa sabuwa, bayan wata biyu ta sake lalacewa. Jabu aka ba ni?

Kafin ka zargi kowa, me ya kashe ta farkon? BCM ba kasafai take mutuwa haka kawai ba. Ko an jona batir a juye, ko an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba, ko wani ya yanki wayar fitila ya ƙara kaya, ko ruwa. Ruwan ne ya fi yawa. Ɗaga kafet ɗin gaba ka danna soson da ke ƙasa da tafin hannu. In ya jiƙe, duba bakin gilashin gaba, da magudanar da ke ƙasan waifa wadda ganye ke toshewa, da bututun da ke zubar da ruwan na'urar sanyi, da na rufin da ake buɗewa in motar tana da shi. Sa wani ya riƙa zuba ruwa a kan gilas da rufi, kai kuma ka kwanta wajen feda da tocila kana kallon inda ɗigon farko zai fito. Toshe wurin, ka busar da kafet ɗin sosai, sannan ka zo mu yi maganar wata BCM ɗin.