An tsare mai shan tramol: ina maganar likita?

A Yamai, in aka kama yaro da tramol, uwa ta kan ɗaure kwanon tuwo ta nufi komisariya. Da wuya ta tambaya ko likita ya duba shi, alhali a nan doka ta ba ta bakin magana.

Dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 23 ga Satumba 1999 ta haramta sha da sayarwa. Amma kamu bai soke haƙƙin neman magani ba. Tsarewar farko, wadda 'yan boko ke cewa garde à vue, bisa ƙa'ida awa 48 ce, kuma ba a ƙara ta sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati. Kundin shari'ar laifuka ya ce in za a miƙa mutum gabansa, a haɗa da takardar likita mai shaida cewa ba a taɓa lafiyarsa ba. Ƙa'idojin Luwanda na 2014, waɗanda hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Afirka ta fitar, su ma sun ba tsararre damar neman a duba shi.

Abin da ya sa na damu da awa 48 ɗin nan shi ne, a cikinsu jiki ke fara neman abin da ya saba. Wanda ya daɗe yana haɗiyar tramol, in aka yanke masa kwatsam, sai gumi, makyarkyata, zawo, ciwon gaɓoɓi, barci ya ƙaurace. Wanda ya sha da yawa kafin kamu na iya faɗuwa yana shure-shure kamar mai farfaɗiya. Mai shan diyazefam ma yankewa lokaci guda na iya kayar da shi. A bayan kanta kuwa, sau da yawa cewa ake yi iskanci ne, ko a watsa masa ruwa.

Don haka, Inna, in kin kai abinci, ki nemi jami'in da ke riƙe da maganar. Ki faɗa masa ko yaron na da farfaɗiya, asma ko ciwon suga, ki nuna takardar asibiti in akwai, ki roƙi a kira likita kuma a rubuta roƙon. Kada a cusa ƙwaya cikin tuwo don tausayi, wannan sabon laifi ne. In kun ɗauki lauya, ranar da za a kai yaron kotu ya nemi ganin takardar likitan, ya duba kwanan watan da ke kanta.