Mutum-kyarkeci a kotunan Turai: babu cizo, babu cikar wata

Da yawa sun ɗauka cewa a imanin Turawan da, cizo ko cikar wata ne ke rikiɗar da mutum ya koma kyarkeci. Finafinai ne suka yaɗa wannan. A shari'o'in ƙarni na 16, ɗamara ko man shafawa daga Shaiɗan ake ambata.

A 1589 aka gurfanar da wani mutum mai suna Peter Stumpp a Bedburg, kusa da Kolon ta Jamus, bisa zargin rikiɗa ya koma kyarkeci. Cikin azaba ya ce Shaiɗan ya ba shi ɗamarar rikiɗa, kuma shi Stumpp ya kashe yara 14 da mata biyu masu ciki. An nemi ɗamarar, ba a same ta ba. Abin takaici, da wannan furucin aka kashe shi ranar 31 ga Oktoba, aka haɗa har da 'yarsa.