Waiwaye: Dambarwar Gyaran Kundin Mulkin Gundumar Los Angeles

Gundumar Los Angeles da ke jihar Kalifoniya a Amurka tana da mutum kusan miliyan 10, a cikin birane 88 da wasu yankunan da ba su ƙarƙashin kowane birni. Jihohin Amurka da yawa ba su kai ta yawan jama'a ba. Kasafin kuɗinta na shekara ya haura dala biliyan 45, ma'aikatanta sun fi dubu 100, kuma ita ke riƙe da asibitocin gwamnati, gidajen yari, kula da marayu da tallafin marasa galihu. Duk wannan dukiya da iko suna hannun mutum biyar ne kacal, waɗanda ake kira majalisar masu kula da gunduma. A 2024 ne masu zaɓe suka amince da gyaran kundin mulkin gundumar da zai ƙara yawan kujerun majalisar.

Kundin mulkin da ya tsayar da adadin a biyar an amince da shi ne a 1912, lokacin da mutanen gundumar ba su wuce rabin miliyan da 'yan kai ba. Jama'a ta ninka kusan sau ashirin, kujeru ba su ƙaru ko da ɗaya ba. Yau kowane wakili yana magana ne da yawun mutum wajen miliyan biyu. Su ke yin doka, su ke naɗa shugabannin ma'aikatu, su ke raba kuɗi, babu wani gwamna ko magajin gari a sama da su da zai ce a'a. Shi ya sa 'yan jaridar yankin suka daɗe suna kiransu ƙananan sarakuna biyar. Da zaɓen 2020 ya cika kujerun da mata zalla, sai laƙabin ya koma sarauniyoyi.

Ba yau aka fara ƙoƙarin ƙara kujerun ba. An kai batun gaban masu zaɓe a 1962, aka ƙi. Aka koma a 1976, a 1992, sannan a 2000, duk aka sha ƙasa, kuma a karo na ƙarshen kusan kashi biyu cikin uku na masu zaɓe ne suka ce ba su so. Dalilin bai taɓa canzawa ba: da an ce wa mai biyan haraji za a ƙara 'yan siyasa, abin da yake ji shi ne ƙarin albashi, ƙarin ofisoshi da ƙarin motoci. Su kuma masu riƙe da kujerun, wa zai so a raba masa mazaɓa gida biyu? Wani sanatan jiha, Tony Mendoza, ya yi yunƙurin bi ta majalisar dokokin Kalifoniya don a tilasta canjin daga sama, shi ma bai kai ko'ina ba.

Canjin da ya samu a tsakani kotu ce ta kawo shi. A 1990 wani alƙalin tarayya, David Kenyon, ya yanke hukunci cewa an shata mazaɓun gundumar ta yadda aka tarwatsa ƙuri'un 'yan asalin Latin Amurka da gangan. Aka sake shata iyakoki, kuma a 1991 Gloria Molina, 'yar asalin Latin Amurka, ta ci zaɓe. Amma matsalar wakilci ba ta ƙare ba. 'Yan Latin Amurka sun kusa rabin mutanen gundumar, sai dai yawanci kujera ɗaya suke da ita. 'Yan asalin Asiya kuwa, waɗanda suka kai wajen kashi 15 cikin 100, ba su taɓa samun ko mutum guda a majalisar ba.

To me ya sauya har abin da aka ƙi shekara da shekaru ya wuce a 2024? A ganina abin kunya ne ya share masa hanya. A Oktoban 2022 aka fallasa wani faifan murya na wasu kansilolin birnin Los Angeles suna ƙulla yadda za su yanka mazaɓu don amfanin kansu, har da kalaman wariyar launin fata, lamarin da ya sa shugabar majalisar birnin, Nury Martinez, ta yi murabus. Birni daban, gunduma daban, amma a idon talaka duk gwamnati ce. A watan Nuwamban shekarar masu zaɓe suka amince da wani gyara a kundin gundumar da ya ba wakilai huɗu cikin biyar ikon tsige shugaban 'yan sandan gunduma, bayan doguwar takun-saƙa da Alex Villanueva, wanda ke riƙe da muƙamin a lokacin. Sai kuma a 2023 kotu ta samu tsohon wakili Mark Ridley-Thomas da laifin cin hanci kan abubuwan da suka faru lokacin yana kan kujera. Zukata sun riga sun cika.

A Yulin 2024 wakilai biyu, Lindsey Horvath da Janice Hahn, suka gabatar da abin da aka sa wa suna Ƙuduri G. Hahn 'yar gida ce a wannan harka, domin mahaifinta Kenneth Hahn ya yi shekara 40 a majalisar, kuma ginin da suke zama a ciki sunansa yake ɗauke da shi. Dabarar da suka yi ita ce ɗaure komai a ƙunshi guda. Ƙudurin ya tanadi a kafa hukumar ɗa'a mai zaman kanta zuwa 2026. Za a riƙa zaɓen shugaban zartarwa na gunduma kai tsaye daga 2028, maimakon wanda wakilai ke naɗawa. Kujeru za su koma tara a 2032, bayan ƙidayar 2030. Shugabannin ma'aikatu za su riƙa kare kasafinsu a bainar jama'a. Aka kuma rubuta cewa duk wannan ba zai jawo ƙarin haraji ba. Wanda ke son hukumar ɗa'a dole ya haɗiye ƙarin kujerun tare da ita.

Cikin sauran wakilan uku, Hilda Solis ta mara musu baya, Holly Mitchell da Kathryn Barger suka ƙi. Abin lura shi ne masu adawar ba ƙarin kujeru ne ya fi damunsu ba. Abin da suka fi kuka da shi shi ne sabon shugaban: mutum ɗaya da zai tsara kasafi, ya naɗa shugabannin ma'aikatu, ya iya hawa kujerar naƙi, kuma ba a ƙayyade masa wa'adi ba, alhali wakilai ba sa wuce zango uku na shekara huɗu-huɗu. Ƙungiyoyin 'yan kwana-kwana da na 'yan sandan gunduma suka shiga sahun adawa, suna cewa tunda an hana ƙarin haraji, kuɗin sababbin ofisoshin daga bakin ayyukan jama'a za a yanko su. Wasu kuma suka ce an yi gaggawa, domin 'yan makonni ne tsakanin gabatar da ƙudurin da sa shi a takardar zaɓe. A ɗaya ɓangaren, ƙungiyoyin 'yan Asiya da masu rajin gyaran mulki sun yi maraba da shi, suna cewa in an tsaya jiran cikakken shiri, wata shekara ashirin za ta wuce.

An kaɗa ƙuri'a ranar 5 ga Nuwamban 2024, aka ɗauki kwanaki ana ƙirga, a ƙarshe ƙudurin ya tsallake da kashi 51 da ɗoriya. Da kyar ne, amma ya wuce.

Masu cewa an yi gaggawa ba su daɗe ba suka samu hujja. A 2020, bayan kisan George Floyd, masu zaɓen gundumar sun amince da Ƙuduri J, wanda ya wajabta ware aƙalla kashi 10 cikin 100 na kuɗin shigar cikin gida da ba a ɗaure su da wani aiki ba, don gidaje, lafiyar ƙwaƙwalwa, koyar da sana'a da hanyoyin rage tura mutane gidan yari. An kai shi kotu, wata alƙaliya ta soke shi a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta dawo da shi a 2023. Cikin wannan kai-komo ba a shigar da shi cikin rubutaccen kundin ba. Da aka zo rubuta Ƙuduri G, sai aka maye gurbin sashen da ya kamata a ce yana ciki. Garin neman gira aka rasa ido: masu zaɓe sun soke Ƙuduri J ba tare da sun sani ba, kuma sokewar za ta fara aiki a ƙarshen 2028. Sai a tsakiyar 2025 asirin ya tonu, a zaman kwamitin da aka kafa don aiwatar da gyaran, inda wani tsohon kansila na birnin Duarte, John Fasana, ya ja hankali a kai.

Ƙungiyoyin da suka sha wahalar kamfen ɗin 2020 sun fusata, wasu ma ba su yarda kuskure ne ba. Wakilan suka ce kuskuren ofis ne, suka umarci lauyoyin gunduma su nemo mafita, ko ta kotu, ko ta dokar majalisar gunduma, ko ta sake komawa gaban masu zaɓe. Dokar majalisa ita ce mafi sauƙi, sai dai wakilai uku na iya soke ta duk ranar da suka ga dama, abin da aka sa batun cikin kundi tun farko don a kauce masa.