Jikin Mark Henry ba a kemis aka saye shi ba

Samari uku aka kawo mana a asibitin sha-ka-tafi inda nake aiki cikin 'yan makonnin nan, dukkansu 'yan ɗaga ƙarfe. Na farko fuskarsa ta kumbura ta yi sumul kamar an hura ta, cikinsa da cinyoyinsa duk nankarwa irin ta mai jego, sukarinsa ya hau, yaron da ko aure bai yi ba. Na biyu da ƙyar yake iya zama, wani ƙaton ƙurji ne a ɗuwawunsa, daidai inda abokinsa ya caka masa allura a bayan shago. Sai da muka tsaga muka matse mugunya. Na uku mahaifiyarsa ce ta kawo shi tana salati, ya faɗi a wurin motsa jiki yana shure-shure, kumfa a baki. Tiramol ya sha don kada ya ji nauyin ƙarfe.

Na tambayi na farkon, na ce, "Ƙanena, me ya kai ka?" Ya ce, "Malam, jiki nake so in haɗa." Ya ciro waya ya nuna mini hoton da ya sa a fuskarta. Mark Henry ne, ɗan resilin ɗin nan na Amurka da ake yi wa kirari da wanda ya fi kowa ƙarfi a duniya. Ya ce irin wannan jikin yake nema, kuma mai kemis ya ce masa sha-ka-fashe zai kai shi can cikin wata biyu.

Wallahi raina ya ɓaci, domin duk cikin 'yan resilin ba wanda bai dace a jingina masa wannan ɗabi'a ba kamar mutumin nan. Samari, tunda shi kuke so, to ku zauna in ba ku labarinsa.

An haife shi a 1971 a wani ƙaramin gari mai suna Silsbee a jihar Teksas. Tun yana yaro Allah ya yi shi ƙato, ya fi sa'o'insa nesa ba kusa ba. Yana da shekara 10 mahaifiyarsa ta saya masa ƙarafan ɗagawa. Yana da shekara 12 mahaifinsa ya rasu sakamakon ciwon sukari, ciwon nan dai da kuke jawo wa kanku da kuɗinku. A makarantar sakandare sau uku yana zama zakaran ɗaga nauyi na jiharsa. Daga nan wani malamin jami'a a birnin Austin, Terry Todd, wanda shi ma tsohon ɗan ɗaga ƙarfe ne, ya ɗauke shi ya sa aka koya masa irin ɗagawar da ake yi a gasar Olamfik. Ku lura, malami ya samu. Ba wani aboki ne mai sirinji a aljihu ya ɗauke shi ba.

Ya je Olamfik ta Basilona a 1992 yana da shekara 21, ya zo na 10. A 1995 ya ciyo lambobin yabo a gasar ƙasashen nahiyar Amurka da aka yi a Ajantina. A wannan shekarar dai ya ɗaga kilo 410 daga ƙasa ya miƙe tsaye da shi. Ku lissafa: buhun siminti 8 ke nan da ɗoriya. Ya kuma ɗora sama da kilo 430 a kafaɗa, ya tsuguna ya tashi. A ina ya yi wannan? A gasar ƙungiyoyin da suka haramta ƙwayoyin ƙara ƙarfi, inda ake gwada 'yan wasa. Can ya zaɓa ya shiga, can ya zama zakaran duniya. Da ya koma Olamfik a Atlanta a 1996, ciwon baya ya kama shi, ya ƙare a na 14, kuma ya fito fili ya yi ƙorafin cewa ƙwayoyi sun ɓata wasan. Ya sha faɗa da bakinsa cewa shi bai yarda da su ba. Wannan shi ne mutumin da kuke liƙa hotonsa sannan ku tafi kemis.

A shekarar 1996 ɗin kamfanin resilin na WWF, wanda yanzu ake kira WWE, ya ɗauke shi aiki na shekara 10. Kuna tsammani nan da nan ya zama tauraro? Ina! Ƙarfi daban, iya wasa daban. Rauni ya yi ta damunsa, har a shekarar 2000 aka mayar da shi makarantar horar da 'yan wasa a birnin Louisville don ya rage ƙiba ya gyara numfashinsa. Ku ji da kyau: shi da kuke sha'awar girmansa, rage nauyi aka ce ya yi. A 2002 ya koma fagen ƙarfi ya ci gasar ƙarfafa ta farko da aka sa wa sunan Arnold Schwarzenegger, inda ya ɗaga wani ƙarfe mai ƙafafun jirgin ƙasa mai kilo 166 sama da kansa har sau uku. A 2006 gwiwarsa ta samu mummunan rauni, aka yi masa aiki, ya yi watanni yana jinya. Babban kambun duniya bai zo hannunsa ba sai a watan Satumba na 2011, da ya kayar da Randy Orton. Shekara 15 yana jira, yana da shekara 40 a duniya. A 2018 aka sa shi cikin jerin gwarazan kamfanin.

Shekara 30 daga ranar da ya fara taɓa ƙarfe zuwa ranar da ya ɗaga kambu, kai kuma kana neman wata biyu. Haba, ƙanena!

Kuma in gaya muku abin da wasunku ba sa son ji. Resilin shiri ne, tun kafin a hau dandali an san wanda zai ci. Faɗuwar ce gaskiya, karayar ce gaskiya. Sannan ba duk ƙirjin da kuke gani a talabijin ne na Allah da Annabi ba. A 1994 Hulk Hogan ya tsaya a gaban kotu ya amsa cewa ya yi shekaru yana amfani da siteroyid, wato maganin gina tsoka. Akwai Superstar Billy Graham, shi ma daga ɗaga ƙarfe ya shigo resilin, ya zama zakara a 1977. Ya bi hanyar ƙwaya, ƙasusuwansa suka lalace, aka yi ta yi masa aikin ƙugu, ya ƙare yana yawo yana gargaɗin matasa da kansa. Davey Boy Smith zuciya ta buga masa a 2002 yana da shekara 39. Eddie Guerrero an tsinci gawarsa a ɗakin otal a 2005 yana da shekara 38, shi ma zuciya. Bayan mutuwarsa ne kamfanin ya shigo da sabon tsarin gwajin ƙwayoyi a 2006. Waɗannan masu kuɗi ne, da likitoci a kusa da su. Kai wa gare ka in zuciyarka ta tsaya da tsakar dare a unguwa?

Abin da ya fi ƙona mini rai, yawancinku ma ba maganin gina tsoka kuke sha ba. Sha-ka-fashe galibi deksametason ne, wani lokaci a haɗa da maganin buɗe ciki. Ruwa da kitse yake tara maka, tsokar kuwa cinye ta yake yi. Kana kallon madubi kana murna ka cika, alhali kumburi ne. Masu yin allurar siteroyid ta gaske kuma, su ne ke zuwa mini a ɓoye bayan la'asar, murya ƙasa-ƙasa: nono ya fito, 'ya'yan maraina sun ƙanƙance, ƙuraje sun cika baya, fushi ba dalili. Wani an yi aure shekara da shekaru ba haihuwa, danginsa sun ɗora wa baiwar Allah laifi, ana ta kai ta wurin masu magani. Ga sirinji ɗaya mutum uku suna karɓa-karɓa, ciwon hanta da ƙanjamau ba sa neman wata ƙofa da ta wuce wannan.

Ba na hana ku ɗaga ƙarfe. Ni har daɗi nake ji in wuce da asuba in ga samari sun haɗa siminti a gwangwani suna motsa jiki, ya fi zaman majalisa ana busa hayaƙi. Ku 'ya'yanmu ne, muna son ganinku da ƙarfi. Kemis ɗin nan ne nake roƙonku ku rabu da shi. Kada ku sha ƙwaya don jiki. Kada ku yarda wani ya yi muku allura don jiki. Ko mai horar da ku ne ya kawo, ko ya ce daga waje aka shigo da ita, ku ce a'a.

Masu kemis, ku ji tsoron Allah. Yaro ya shigo lafiyarsa ƙalau ya ce yana son ƙiba, ku ƙirga masa ƙwaya a leda ba ko takarda. Da ɗanku ne za ku ba shi? Iyaye mata, ku ma ku buɗe ido. In ɗanki ya yi kumatu cikin sati uku, yana ci kamar gara, yana yawan fitsari da dare, kada ki ce hutu ne ya karɓe shi. Duba aljihunsa da ƙarƙashin katifarsa.

Ga abin yi a taƙaice:

In kana shan sha-ka-fashe, kada ka yanke shi rana ɗaya, yin hakan na iya kayar da kai. Zo asibiti a rage maka a hankali.

Ka zo da kwalin ko ledar maganin, ko ba suna a jiki.

A auna maka jini da sukari, in ka taɓa karɓar allura a gwada hanta da ƙanjamau.

Ka ci wake, ƙwai, gyaɗa, awara, kifi, fura da nono. Ka sha ruwa, ka yi barci.

Ka ƙara nauyin ƙarfe kaɗan-kaɗan, in wuri na ciwo ka huta, kada ka danne shi da tiramol.

Ciwon ƙirji, bugun zuciya da sauri, idanu sun yi rawaya, ko faɗuwa: asibiti a ranar, ba sai gobe ba.

Yaron nan na farko yana zuwa duk sati muna rage masa maganin. Fuskar ta fara saɓewa, sukarin bai gama sauka ba tukuna, nankarwar kuwa na gaya masa gaskiya ba lallai ta ɓace ba. Na ce ya turo mini abokansa na wurin ɗaga ƙarfen, ya ce su bakwai ne suke sha tare. Zuwa yau biyu ne suka zo.