Sabuwar shekarar Yahudawa ba ranar casu bace

Mutane dayawa da sunji ance a watan Tishiri Yahudawa ke shiga sabuwar shekara sai su ɗauka kiɗa da rawa ake, to gaskiya ba haka bane. Watan yana faɗowa Satumba ko Oktoba, ranar 1 da 2 ga watan Tishiri ake Rosh Hashana wato sabuwar shekarar, ana busa ƙahon rago dan mutane su farka su tuba, haka za'a ta neman gafara har ranar 10 wato Yom Kippur, azumin kusan awa 25 ba ci ba sha. Murna sosai sai ranar 15 lokacin Sukkot, kwana bakwai suna cin abinci cikin bukkoki. A lissafin Attaura ma Tishiri wata na bakwai ne, Nisan shine na farko.