Eric Hultman

Eric Hultman (1925 zuwa 2011) likita ne ɗan ƙasar Suwidin, farfesan kimiyyar gwaje-gwajen asibiti a cibiyar Karolinska da ke Stokholm, kuma yana cikin mutanen da suka ɗora harsashin ilimin abincin 'yan wasa yadda ake koyar da shi yanzu. Abu biyu aka fi saninsa da su, cika tsoka da sitaci kafin doguwar tsere, da kuma shan kiriyatin, wani sinadari da ke taimaka wa tsoka samun ƙarfi nan take, wanda masu ɗaga ƙarfe suke shan garinsa.

Asalin aikin ma ba daga filin wasa ya fara ba, daga asibiti ne. Abokin aikinsa Jonas Bergström likitan ƙoda ne, shi ya fito da wata allura mai rami a 1962 wadda ake sokawa a cinya a gutsuro ɗan naman tsoka kaɗan a auna abin da ke ciki, ba sai an shiga tiyata ba. Kafin nan duk mai son sanin abin da ke faruwa a tsokar ɗan gudu sai dai ya auna jini da numfashi ya yi hasashe.

Gwajin da ya fito da sunansu sun wallafa shi a mujallar Nature a 1966, kuma a jikinsu suka yi shi, wanda gaskiya abin a jinjina musu ne domin allurar nan ba wasa ba ce. Keke ɗaya suka sa a tsakiya, wannan ya zauna ta dama wancan ta hagu, kowa yana murza feda da ƙafa ɗaya ɗayar tana hutawa, suka yi ta murzawa har ƙafar ta ƙi motsi. Daga nan suka yi kwana 3 suna cin abinci mai sitaci zalla suna auna gilaikojin, wato sukarin da tsoka ke ajiyewa don aiki. Ƙafar da ta huta ba ta wani canza ba, amma wadda ta sha wahala ta cika har ta kai wajen ninki biyu na ɗayar. Kenan tsokar da aka ƙarar da ajiyarta ita ce take ɗibar abinci fiye da yadda ta saba.

A 1967 suka haɗu da Lars Hermansen da Bengt Saltin suka gwada mutum 9 a kan keke da abinci kala uku. Bayan cin nama da mai kawai, mutanen sun gaji a wajen minti 57, da abinci na yau da kullum minti 114, da aka cika su da sitaci sai da suka kai minti 167. Mutanen nan fa su ne dai, horonsu bai ƙaru ba, abin da ke cikin kwano ne kawai ya canza. Masu gudun famfalaki ba su ɓata lokaci ba, Ron Hill na Birtaniya ya bi tsarin ya ci gasar Turai a Atens a 1969. Sai dai tsarin farko yana da wuya sosai, don sai mutum ya fara kwana uku yana gujewa sitaci jiki duk a mace kafin ya koma cika tsoka da shi, shi ya sa a 1981 William Sherman da David Costill a Amurka suka nuna rage horo da ƙara shinkafa, taliya ko dankali ya wadatar.

Maganar kiriyatin ta zo daga baya. A 1992 shi da Roger Harris da Karin Söderlund suka nuna cewa shan giram 5 sau 4 zuwa 6 a rana yana ƙara yawansa a tsoka, kuma waɗanda nasu yake ƙasa tun farko, irin marasa cin nama, su suka fi ƙaruwa. A 1996 tare da Paul Greenhaff na jami'ar Nottingham ya fitar da ma'aunin da har yau ake bugawa a jikin gwangwani, giram 20 kullum na kwana 6 yana ɗaga shi da kusan kashi 20 cikin 100, sai a riƙe da giram 2 a rana. Abin da masu talla ba su cika faɗa ba shi ne a binciken nan dai an ga giram 3 a rana na kwana 28 yana kai mutum wuri ɗaya, ba sai ya ɗirki garin da yawa a makon farko ba.