Yaron da bai fara magana ba, a fara auna jinsa

Iyaye mata na Aboabo da Asawase da Sabon Zango a Kumasi, kusan kullum sai an kawo mana asibiti yaro ɗan shekara biyu ko uku da bai fara magana ba, kuma idan muka buɗe bakinsa sai mu tarar an riga an kai shi wurin wanzami an yanka masa ƙarƙashin harshe. Don Allah ku daina. Yankan nan ba ya kawo magana, jini kawai yake zubarwa, ya bar rauni mai iya ruɓewa, alhali sau da yawa matsalar tana kunne, domin yaron da ba ya ji ba zai iya kwaikwayon abin da ake faɗa ba.

Na san ƙauna ce take sa ku yin haka, da matsin kakanni da maƙwabta, amma aikin duba ji da magana yana da masu shi. Masanin ji shi ne yake auna kunne da na'ura, ko da jariri ne yana barci, kuma shi yake daidaita na'urar ji gwargwadon raunin kunnen. Mai gyaran magana kuwa shi yake duba yaro mai jinkirin magana ko in'ina, har da babban da shanyewar jiki ta taɓa harshensa. Ana horar da su a Jami'ar Ghana a Korle Bu da jami'ar kiwon lafiya da ke Ho, kuma dokar da aka yi a 2013, mai lamba 857, ta wajabta musu yin rajista da hukumar Allied Health Professions Council, mai ba irin waɗannan ma'aikatan lafiya lasisi, kafin su taɓa majinyaci. Wace hukuma ce ta ba wanzami izinin sa aska a bakin ɗanku? Idan jinin ya ƙi tsayawa, wurinmu dai za ku rugo da shi cikin dare.

Ku kai yaron asibitin unguwa a rubuta muku takardar zuwa babban asibitin Komfo Anokye, sashen kunne da hanci da maƙogwaro, a auna jinsa. Duk wanda ya ce muku shi ƙwararre ne, ku nemi ganin lasisinsa, ba rashin kunya ba ne. Kada ku sayi na'urar ji a kasuwar Kejetia ba tare da awo ba. Idan har harshen a ɗaure yake, likita ne zai gani ya faɗa muku.